Me ya sa fanda take haifar biyu ta raini ɗaya?

"Assalamu alaikum Likita. Ni mazauniyar Makka ce, a Shara Mansur. Jikata ta nuna mini wani bidiyo a waya na dabbar nan ta ƙasar Sin mai baƙi da fari, wai fanda. Ta haifi tagwaye, ta rungumi ɗaya, ta bar ɗayan a ƙasa yana ta tsala ihu har sai da ma'aikata suka ɗauke shi. 'Ya'yan kuma ƙanana kamar ɓeraye, ita ko ta fi ƙaton rago. Abin ya tsaya mini a rai, domin kyanwar da ke ƙarƙashin matakalar gidanmu biyar ta haifa, kuma duka tana ba su nono. Rashin tausayi ne ko ciwo ne? Kuma mene ne yake sa wata dabba ta haifi ɗaya, wata ta zubo goma?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya raya jika. Tambayoyi biyu kika haɗa mini: dalilin da ya sa fanda take sakin ɗaya daga cikin tagwayenta, da kuma abin da ke tsara yawan 'ya'yan da kowace dabba take haifa a ciki guda. Igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma igiyar nan nono ce.

Kafin in shiga, ki san cewa hannuna bai taɓa jikin fanda ba. Mafi kusa da mu su ne biyun da Sin ta aika Katar a watan Oktoba na 2022, Suhail da Surayya, suna can Alkhor. Ni aikina awaki da tumaki da raƙuma ne a kewayen Ɗa'ifa, sai kuma barewa da wasu masu hali suke kiwo a istirahohinsu, wato gidajen hutunsu, a kira ni idan ta yi ciwo. Abin da zan faɗa kan fanda daga masu kiwonta da masu bin ta a daji ya fito. Lissafin da ke bayansa kuwa, kusan kullum ina ganinsa a garke.

Cikin fanda

Macen fanda sau ɗaya take neman namiji a shekara, tsakanin Maris da Mayu, kuma lokacin da za ta iya ɗaukar ciki bai wuce kwana ɗaya zuwa uku ba. Idan aka kuskure wannan, sai baɗi. Idan an dace, tsawon cikin ba shi da ƙa'ida irin ta akuya da kowa ya san wata biyar ne. Wata ta haihu bayan kwana 95, wata ta kai kwana 160. Dalilin zai ba ki dariya, domin abin nan ne da iyayenmu mata suke kira kwantaccen ciki. A jikin ɗan Adam likitoci ba su yarda da shi ba, amma a fanda da sauran danginta, waɗanda Larabawa ke kira dubbu, tabbas ne. Ƙwan da maniyyi ya shiga yakan zauna a mahaifa yana yawo, bai manne ba, ba ya girma, har tsawon watanni. Sai can ya manne. Daga mannewar zuwa haihuwa bai fi wata ɗaya da 'yan kwanaki ba.

To me za a gina a cikin wata guda? Abin da kika gani a bidiyon. Ɗan fanda yana zuwa da nauyin giram 90 zuwa 130, wato kamar ƙwan kaza biyu, alhali uwar tana kai kilo 100. Ana ƙiyasta cewa uwar ta ninka shi sau 900. Jaririn mutum, uwarsa sau 20 kawai ta ninka shi. Da mace mai kilo 60 za ta haihu irin ta fanda, da abin da za ta haifa bai fi ƙwai ɗaya ba. Ja ne, kusan ba gashi, ido a rufe har mako shida zuwa takwas. Ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa. Ko fitsari da kashi ba ya iya yi sai uwar ta lashe masa ciki. Masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka sun auna ƙasusuwan jariran dabbobi iri-iri a 2019, suka ga na fanda ko a cikin danginsa bai nuna ba, tamkar bakwaini. Abin da ya sa dangin dubbu suke haifar 'ya'ya ƙanana haka, masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Wasu sun danganta shi da barcin hunturu da sauran dubbu suke yi, inda uwa take haihuwa a kogo ba ci ba sha, sai ya fi mata sauƙi ta gajarta ciki ta ciyar da nono daga kitsenta. Amma fanda ba ta wannan barcin, don haka bayanin bai rufe ƙofa ba.

Yanzu ki dubi halin da uwar take ciki. Ɗa irin wannan ba a ajiye shi a ƙasa. Tana zaune, ta tallafe shi da hannu ɗaya a ƙirjinta, ta rufe shi da haɓarta, tana hura masa numfashi, tana lasarsa, dare da rana. Yana iya shan nono har sau 14 a yini. A kwanakin farko ko fita neman abinci ba ta yi. Ga shi abincin nata gora ce, kusan ba ta cin komai sai ita. Hanjinta irin na masu cin nama ne, gajere, ba irin na saniya mai tuƙa ba, shi ya sa abin da take amfana da shi daga gorar bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Dole ta ci kilo 12 zuwa sama da 30 a rana, ta shafe awa goma ko fiye tana tauna, kuma duk da haka ba ta tara kitsen kirki. Namijin kuwa tun ranar barbara ya kama gabansa. Ba kishiya, ba kaka, ba 'yar raino.

A irin wannan yanayi, idan ta ce za ta riƙe biyu, abin da ya fi yiwuwa shi ne ta rasa biyun: haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Sai ta ɗauki wanda ya fi motsi da ƙarfin kuka, ta ba shi duk abin da take da shi. Ba ciwo ba ne, Hajiya, kuma ban ga dalilin kiransa rashin tausayi ba. Dabbar da za ta yi kwanaki da yunwa tana tallafe da ɗa a ƙirji ba a ce mata marar tausayi.

Za ki ce, to me ya kai ta haifar biyun tun farko? A gidajen kiwo kusan rabin haihuwar fanda tagwaye ne, ashe ba kuskure ba ne da ke faruwa jefi-jefi. Amsar da ta fi kwanta mini ita ce, ɗan giram 100 bai ci wa uwar komai ba. Kusan kyauta ta same shi. Tsadar tana gaba, a shayarwa da goyo na shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ya rabu da ita. Tunda dama sau ɗaya take zuwa a shekara, kuma ɗan yana iya fitowa a mace ko ya zo raunanne, na biyun ajiya ne, kamar tayar da direba ke ɗaurawa a bayan mota idan zai hau hanyar Hada, mai hawan dutse daga Makka zuwa Ɗa'ifa. Ba ya fatan amfani da ita, amma ba ya tashi babu ita.

Dabarar masu kiwo

Mutanen Sin sun gano hanyar tsira da duka biyun tun farkon shekarun 1990, a Cangdu, daga baya ta bazu zuwa Wolong da gidajen namun daji na duniya. Suna ɗauke wanda aka yar su sa shi a kwalba, irin ta bakwainin asibiti. Bayan 'yan awoyi sai a miƙa wa uwar ruwan zuma, hankalinta ya tafi can, a zare na hannunta a sa mata ɗayan. Haka ake ta musanya su sau da yawa a rana. Kowanne ya samu dakashi, wato nonon farko mai kare jariri daga cuta, wanda madarar gwangwani ba ta maye gurbinsa, kuma kowanne ya samu lasar uwa. Ita kuma a kowane lokaci ɗaya ne a hannunta. Da wannan dabara da kyautata madarar ƙari, yanzu fiye da tara cikin goma na 'ya'yan da ake haifa a gidajen kiwo suna rayuwa, kuma fandar da ke hannun mutane ta haura 700. A ranar 29 ga Yuli 2014 wata mai suna Ju Shiyawo ta haifi 'yan uku a Gwangzhu, duka suka rayu, abin da ba a taɓa sani ba kafin nan. Saboda haka ma'aikatan da kika gani sun ɗauke ɗan, mai yiwuwa ba a daɗe ba suka mayar mata da shi.

Akwai wata magana da ake yawan yi, wai fanda raguwa ce wajen haihuwa, ita ta jawo wa kanta ƙarewa. Ban yarda ba. A keji ne take wahalar da mutane, inda aka haɗa ta da namijin da ba ta zaɓa ba, jama'a na kallo. A Hon Kon akwai wasu biyu da suka shekara fiye da goma tare ba su taɓa barbara ba, sai a 2020 da korona ta sa aka rufe wurin, ƙafa ta ɗauke. Macen, Ying Ying, ta zo ta haifi tagwaye a Agusta 2024, saura kwana ɗaya ta cika shekara 19. A daji kuwa mace tana yaye ɗa ɗaya kusan duk shekara biyu, wanda bai yi nisa da na sauran dubbu ba. Abin da ya rage su sare dazukan gora ne da raba su gida-gida da hanyoyi da gonaki. Da aka kare dazukan a lardunan Sichuwan da Shanshi da Gansu, ƙidayar da aka kammala a 2014 ta samu 1,864, kuma a 2016 aka sauke ta daga jerin masu fuskantar ƙarewa zuwa matakin da bai kai wannan tsanani ba.

Ɗaya ko goma

Allah ne ya ƙaddara wa kowace halitta rabonta, amma ya sanya sababai da ido ke iya gani. Na farko girman jiki da tsawon rai. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22 ta haifi ɗa ɗaya mai kilo kusan 100. Taguwa wata 13, ɗa ɗaya, kuma a kiwon makiyaya yawanci duk shekara biyu. A tsawon aikina ban taɓa karɓar tagwayen raƙumi masu rai ba. Irin waɗannan suna da shekaru masu yawa a gaba, ba su da gaggawa. Ɓera kuwa bai san ko zai ga ƙarshen wata ba, ga kyanwa ga mujiya ga maciji, sai ya yi ciki na mako uku ya zubo da yawa, ko wasu sa tsira. Ɓeran nan na Afirka da ke ɗauke da zazzaɓin Lassa yana da nono har jeri takwas zuwa goma sha biyu, kuma haihuwar goma ba komai ba ce a wurinsa. A Madagaska akwai wata 'yar dabba mai kama da bushiya, tanrek, da aka samu tana ɗauke da 'ya'ya 32.

Amma girma kaɗai ba ya warware maganar. Ƙaramin jemage bai kai ɓera nauyi ba, kuma mafi yawan jemagu ɗa ɗaya suke haifa a shekara, domin mai tashi sama ba ta iya ɗaukar kaya, kuma suna da tsawon rai. Rema, wadda Larabawa ke kira wabar, da ke cike da duwatsun nan na Sarawat, ba ta fi zomon gida ba, amma cikinta wata bakwai ne zuwa takwas, ta haifi biyu ko uku.

Sababi na biyu shi ne ya fi burge ni: a wane hali ɗan yake fitowa? Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma a zahiri haka ne. Ɗan barewa a fili ake haifarsa, ba rami ba kogo, dila na kewaye. Dole ya zo da gashi, ido a buɗe, ya miƙe cikin awa guda. Ɗa kammalalle irin wannan yana cin wuri a ciki, yana cin jinin uwa, shi ya sa ɗaya ne ko biyu. Mai rami ko maɓoya kuwa tana iya haifar ɗanyu da yawa ta ƙarasa su a waje. Ki gwada zomon daji da zomon gida. Na daji cikinsa kimanin kwana 42, ya haifi ɗaya zuwa uku masu gashi da ido buɗe, a ƙarƙashin ciyawa. Na gida, wanda asalinsa mai haƙa rami ne, kwana 31, ya haifi shida ko takwas tsirara makafi. Kyanwarki tana wannan layin: ciki na wata biyu da 'yan kwanaki, 'ya'ya makafi, maɓoya a ƙarƙashin matakala, nono takwas, ga abinci mai maiƙo a kwandon shara da hannun maƙwabta. Tana iya kwanciya a gefe biyar su kama a lokaci ɗaya, su kuma ɗumama juna idan ta fita. Fanda ce ta faɗo tsakiya: 'ya'yanta ɗanyu kamar na ɓera, rainonta dogo kamar na babbar dabba, abincinta kuma na talaka.

Na uku, wa ke taya uwa? Kyarkecin Afirka yana haifar kimanin goma a ciki ɗaya, fiye da duk danginsa na karnuka, saboda mace ɗaya ce ke haihuwa a garke, sauran duka su yi farauta su dawo su amayar wa 'ya'yan nama. Kura mai dabbare-dabbare ita kaɗai take shayarwa, fiye da shekara, yawanci 'ya'ya biyu. Suna fitowa da haƙora da ido buɗe, su fara faɗa tun ranar farko, kuma a shekarar yunwa mai ƙarfin yakan hana ɗan'uwansa nono har ya mutu. Can 'ya'yan ne suke yanke hukuncin da uwar fanda take yankewa da kanta.

Akwai kuma tsohuwar ƙa'idar ƙirga nono, wai dabba tana haifar rabin adadin nononta. A ɓeraye da kyanwa takan yi daidai. Amma saniya tana da huɗu ta haifi ɗaya, akuya tana da biyu ta haifi uku. Ni ba na dogara da ita.

Abin da nake gani a nan

Ko a cikin jinsi ɗaya, ƙoshi yana canja lissafi. Masu tumaki da ke zuwa wurina, masu irin Najdi da Harri da Sawakini da ake kawowa daga Sudan, na kan ce musu su ƙara ciyawar barsim da sha'ir mako biyu zuwa uku kafin su saki rago, domin tunkiyar da jikinta ke hawa ta fi sakin ƙwai biyu. Amma na kan haɗa da gargaɗi. Wanda ya nemi tagwaye ya shirya ciyar da su. A makonni shida na ƙarshen ciki, tunkiya mai tagwaye da ba ta samun isasshen abinci takan daina ci, ta riƙa tangaɗi, ta kwanta, sau da yawa a rasa ta da 'ya'yan. Wani dattijo ya taɓa kirana kan akuyarsa da ta haifi uku, tana tunkuɗe ƙaramin duk sanda ya matso. Ransa ya ɓaci, har yana cewa muguwa ce zai kai ta kasuwa. Na taɓa hantsar, na ce masa nonon biyu gare ta, kuma ta riga mu sani. Muka tatsi dakashi muka ɗura wa ƙaramin, muka shafa masa ruwan haihuwar wata akuya da ɗanta ya zo a mace, ta shinshina ta karɓe shi.

Namun dajin ƙasar nan ma suna nuna haka. Barewar rairayi, rim, tana yawan haifar tagwaye idan an samu ruwa, abin da ba kasafai ake gani a sauran barewa ba. Ta duwatsu, idmi, ɗaya take haifa. Rim tana zaune inda shekara ɗaya ciyawa, shekara uku fari, don haka idan dama ta zo sai ta ninka. Maha, farin mariri na Larabawa, ciki wata takwas, ɗa ɗaya. An harbe na ƙarshe a daji a Oman a 1972. Da 'yan tsirarun da aka tara a gidan namun daji na Finiks ta Amurka tun farkon shekarun 1960 da waɗanda ke hannun sarakunan yankin aka sake gina garken, aka sake su a Mahazat Assaid da ke gabas da Ɗa'ifa a 1990, sannan a Uruk Bani Ma'arid a 1995. Sai 2011 aka sauke ta daga jerin masu fuskantar ƙarewa, kusan shekara 40 bayan ɓacewarta. Bindiga da mota sun share ta cikin 'yan shekaru, mayar da ita ɗa ɗaya-ɗaya ya ci rayuwar ma'aikata guda. Damisar Larabawa, wadda ba ta kai 200 a daji ba, tana haifar ɗaya zuwa uku bayan ciki na wata uku da 'yan kwanaki. Shi ya sa da aka samu tagwaye a cibiyar kiwonta ta Ɗa'ifa a 2019, da 'yan uku a 2024, aka yi ta shela kamar an yi haihuwa a gidan sarki.

Game da kyanwar taki, Hajiya, kada ki yi mamaki idan wata rana kika ga ta ɗauke huɗu ta canja wuri ta bar ɗaya, ko ta ture wani gefe ba ta lasarsa. Kyanwa ma tana yi, idan ɗan ya yi sanyi ko nono ya gaza. A zafin Makka abin da ya fi saurin ƙafar da nononta ƙishirwa ce. Ki sa jikar taki ta ajiye mata ruwa mai tsabta kusa da matakalar, da ɗan kifi ko kaza da aka dafa ba gishiri ba ƙashi, safe da yamma, domin mai shayar da biyar tana cin ninki biyu ko uku na abin da ta saba. Kada yara su riƙa ɗaga 'ya'yan kafin idonsu ya buɗe, wajen kwana goma. Idan kuma kun tsinci wanda aka yar, ku fara ɗumama shi a tsumma kafin ku ba shi komai, kada a ba shi madarar shanu don tana sa su zawo, sannan idan jikinsa ya yi ɗumi ku mayar da shi cikin 'yan'uwansa lokacin da uwar ta fita. Sau da yawa idan ta dawo ta tarar yana motsi, takan lashe shi ta ba shi nono.